Shafi Ɗaya a Littafin Rajista

A wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Bauchi, can ta wajen hanyar Dass inda ruwan famfon Dam ɗin Gubi bai kai ba, an wayi gari wata rana da motar haƙa rijiyar burtsatse. Yara suka bi ta da gudu, mata suka leƙo ta bakin zaure. Kafin azahar an kafa allo ɗauke da sunan wata hukumar gwamnatin tarayya da na kamfanin ɗan kwangila, an rubuta cewa aikin mazaɓa ne: rijiya da tanki da injin jan ruwa mai aiki da hasken rana. Mai Unguwa ne ya nuna filin, shi ya ja addu'a, shi kuma aka ɗauka hoto yana musabaha da injiniya. Kwana huɗu injin yana ruri. A rana ta biyar ma'aikatan suka tattara komatsansu suka tafi, suka bar bututu ɗaya a tsaye an ɗaure bakinsa da leda.

Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama. Rana ta ƙone rubutun allon, awaki suka mai da gindinsa wurin shan inuwa. 'Yan ga-ruwa suna ta ƙara kuɗin jarka, matan unguwa suna ta tashi da asuba don neman layi a rijiyar wani mai hali. Daga nan sai magana ta fara yawo. Da farko a teburin mai shayi, sannan a majalisa, har ta shiga gidajen biki: ai an ba Mai Unguwa kuɗin aikin, ya raba da ɗan kwangila. Wani ya ce da idonsa ya ga an sauke masa buhun shinkafa a satin da aka haƙa ramin. Wani ya lura an sake rufin kwanon zaurensa. In mai hankali ya ce a ji tsoron Allah, sai a ce da shi, “Malam, ruwa ba ya tsami banza.”

Mai Unguwa tsoho ne mai kawaici. Bai taɓa kiran kowa ya tambaye shi ba. Amma ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar, kuma in rigimar fili ta taso sai ya ga masu rigimar sun tsallake shi sun tafi wajen liman. Ya je ofishin hukumar sau da dama, ana ce masa Oga yana taro, ko Oga ya tafi Abuja. A ƙarshe ya haƙura.

Akwai jikarsa da ke karatun aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji. Ita ce ta same shi wata rana yana kishingiɗe, rediyo a kan ƙirjinsa.

“Kaka, wai har yaushe za ka bar su suna ci maka mutunci?”

“Amarya, to in yi yaya? In bi gida-gida da Alƙur'ani ina rantsuwa? Wanda ya yi niyyar yarda ya riga ya yarda.”

“Ba rantsuwa za mu yi ba. Takarda za mu rubuta, mu tambayi masu fayil.”

Ta yi masa bayanin abin da aka koya musu. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, bayan ta sha wuya: tun 1999 take Majalisa, an zartar da ita a 2007 amma Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba. Dokar ta ce kowa yana da damar neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana bakwai ta amsa. In takardun suna da yawa za ta iya ƙara wasu kwana bakwai, amma sai ta sanar. In za ta hana, sai ta hana a rubuce, ta faɗi sashen dokar da ta dogara da shi. Wanda bai iya rubutu ba ma zai iya faɗa da baki, jami'i ya rubuta masa ya ba shi kwafi.

Tsohon ya yi dariya. “Kwana bakwai? A ofishin gwamnati? Amarya, ni fansho na bi na ga yadda kwana bakwai ke zama.” Amma ya miƙa mata hannu ta taimaka masa ya tashi, ya sa hannu a takardar.

Da farko ta yi kuskuren ƙofa, ta kai wata ma'aikatar jiha. Wanda ta tarar ya karanta kan takardar, ya mayar mata, ya ce wannan doka ta Abuja ce, ba ta shafi jihohi ba. Shekara da shekaru ke nan wannan amsa tana fitar da ma'aikatun jihohi kunya, har sai ranar 11 ga Afrilu 2025 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da Austin Osakue da abokansa suka kai hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo, cewa dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Yarinyar ta faɗa masa haka. Ya ce shi dai ba a aiko musu da takarda a kai ba, kuma ma aikin ba nasu ba ne. A wannan na biyun ya yi gaskiya, ko da yake doka ta ba shi damar ya karɓa ya tura wa masu aikin cikin kwana uku, in ya yi jinkiri kada ya wuce bakwai. Ba ta tsaya ja da shi ba. Ta hau Keke Napep ta nufi ofishin hukumar da sunanta ke kan allo.

A ɗakin rajistar wannan ofis akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Akawu. Ya shiga aiki tun ana bugun takarda da tafireta, saura masa 'yan watanni ya cika shekara 35 ya aje aiki. Ba shi da ilimin dokar, amma yana da ɗabi'a ɗaya da ba ta canzawa: takarda ba ta wuce teburinsa sai ya ba ta lamba, ya shigar da ita babban littafi, ya buga mata hatimi mai kwanan wata. Da yarinyar ta miƙa masa kwafi biyu, ya buga wa duka biyun, ya mayar mata da ɗaya.

“Riƙe wannan da kyau, 'yata. Ofis yana mantuwa.”

Tsakiyar Satumba ne lokacin. Takardar ta hau sama zuwa teburin Darakta. Ya karanta, ya yamutsa fuska, ya rubuta a gefenta cewa a ajiye tukuna, ya jefa ta durowa.

Kada mai karatu ya yi saurin yanke wa Darakta hukunci, don ba ɓarawo ba ne. Mutum ne da ya tashi a aikin gwamnatin da ranar farko ake sa ma'aikaci rantsuwar riƙe sirri, aikin da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta yi wa raino. A wannan tarbiyya, kowane fayil sirri ne, ko da jerin sunayen masu hutun shekara ne a ciki. Ba a taɓa hukunta wani a gabansa don ya yi shiru ba, amma ya ga waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki don sun yi magana. Abin da ya koya ke nan, kuma ya koye shi da kyau.

Akwai kuma wani matashin jami'i a ofishin da aka taɓa tura wa bita ta kwana biyu kan dokar, aka dawo aka ce shi ne mai kula da irin waɗannan buƙatu. Abokan aikinsa suka laƙa masa suna Lauya don tsokana, alhali bai taɓa shiga ajin shari'a ba. Ya ga takardar a littafin Baba Akawu, ya hau sama a rana ta shida.

“Yallaɓai, takardar mutanen hanyar Dass, gobe kwana bakwai.”

“Su waye su? 'Yan jarida ne?”

“Mai Unguwa ne, yallaɓai.”

“To Mai Unguwa me zai yi da fayil ɗin kwangila? Yau ka ba shi, gobe ka ji shi a rediyo. Bar ta, za su gaji.”

Lauya ya sauko bai ce komai ba, domin shi ma yana da ƙarin girma da yake jira. Kwana bakwai suka wuce. A wurin doka, wannan shirun daidai yake da hanawa, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Amma kotu tana son lauya na gaske, lauya kuma yana son kuɗi, tsohon da ke sayen ruwa a jarka ba shi da su. Yarinyar ta dawo da takardar tuni a watan Nuwamba. Baba Akawu ya ba ta lamba, ya buga hatimi, ta hau sama ta tarar da 'yar'uwarta a durowa.

A unguwa kuwa, labarin takardar ya ƙara wa wuta fetur. Suka ce ai ga shi nan, hukuma ma ta ƙi amsa masa saboda ta san abin da ya yi. Wasu suka ce shi ya je ya roƙa a danne fayil ɗin, ya sa jikarsa tana wasan kwaikwayo. A cikin wannan hali ne dangin wani saurayi da suka kawo gaisuwa gidan suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba.

Janairu ta zo da hazo da sanyi, ta zo kuma da takardar umarni daga hedkwata. Sashe na 29 na dokar ya wajabta wa kowace hukuma ta miƙa wa Antoni Janar na Tarayya rahoton shekarar da ta gabata kafin ko a ranar 1 ga Fabrairu, shi kuma ya kai nasa Majalisar Tarayya kafin ko a ranar 1 ga Afrilu. Rahoton ba labari ake so a ciki ba, ƙidaya ce: buƙatu nawa aka karɓa, nawa aka amsa, nawa aka hana da dalilin hanawar, nawa aka kai kotu, nawa ne ke jiran amsa a ranar 31 ga Oktoba kuma kwana nawa suka yi suna jira, nawa aka karɓa na kuɗin kwafi, ma'aikata nawa aka ware wa aikin. Hedkwata tana son kowane ofishin jiha ya aiko da nasa don a haɗa.

Darakta ya kira Lauya, ya tura masa fom ɗin. “Cike wannan kamar na bara. Ka sa babu a kowane layi.”

“Yallaɓai, bana akwai.”

“Akwai me?”

“Buƙata ɗaya, da tuni ɗaya. Suna cikin rajista.”

Darakta ya cire gilashinsa. “Ka san abin da zai faru in ka rubuta an karɓa ba a amsa ba? Duk ofisoshin jihohi za su aika da babu, namu kaɗai zai tsaya kamar baƙar tunkiya. Kira mini Baba Akawu ya zo da littafin.”

Dattijon ya shigo da littafin a hammata, ya gaishe da Darakta, ya tsaya. Darakta ya buɗe shafin watan Satumba, ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, kamar mai neman shawara: littafin ya tsufa, ko ba za a iya sake kwafe wannan shafin a sabo ba?

Baba Akawu ya ce, “Ranka ya daɗe, lambobin a jere suke. In na cire wannan, ta gabanta da ta bayanta za su tambayi inda ta shiga. Kuma yarinyar tana da kwafi mai hatimina da sa hannuna.”

Lauya ya samu ƙarfin guiwa ya ƙara da cewa sashe na 10 ya sa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ga duk jami'in da ya lalata ko ya sauya takardar da ke hannunsa da gangan, kuma in kotu ta tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce a kan jami'in ko hukumar. Darakta ya ɗaga masa hannu, ba ya son jin sassan doka daga bakin yaron da ya haifa. Amma Baba Akawu bai gama ba.

“Ranka ya daɗe, in ka yarda in faɗi wata magana da ba ta cikin littafi. Ƙanwata tana aure a unguwar nan. Mutumin da ya rubuto mana, shekara biyu ke nan ana kiransa ɓarawo a kan wannan rijiya. Ni ne nake ajiye fayil ɗin, na san ko sisi bai bi ta hannunsa ba. Kai ma ka sani. Mu muna nan cikin iyakwandishan muna cewa za su gaji, shi kuwa yana can ya daina zama ƙofar masallaci. Wata uku suka rage mini a aiki. Ba na son in je gaban Allah da wannan.”

Darakta bai amsa ba. Ya ce a kawo fayil ɗin, ya sallame su, ya rufe ƙofa.

Ga abin da ke ciki. An ba da kwangilar ta hanyar da aka saba ba da ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a kasafin kowace shekara: ɗan majalisa ya zaɓi aiki, a saka shi ƙarƙashin wata hukuma, hukumar ta nemo ɗan kwangila. An biya ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami kaɗai. Ya haƙa ya ci karo da dutse, abin da duk mai haƙa a ƙasar Bauchi ya san yana faruwa, ramin bai ba da ruwa ba. Injiniyan hukumar ya rubuta rahoto yana ba da shawarar a sake auna ƙasa a koma wani wuri, ya nemi Darakta ya tura wa hedkwata don amincewa. Wannan rahoto ya yi wata takwas a kan teburin Darakta kafin ya tura shi, kuma kafin ya isa shekarar kasafi ta rufe, sauran kuɗin bai fito ba. Shi ke nan. Babu sata a ciki, babu sunan Mai Unguwa ko sau ɗaya sai a takardar da ya nuna fili. Abin da Darakta ke gudun a gani shi ne tazarar da ke tsakanin kwanan wata biyu, na injiniya da nasa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko da kazar 'yar tsako ce.

Washegari ya kira Lauya. “Shirya musu amsa. Sannan sai ka rubuta a fom an karɓa ɗaya, an amsa ɗaya.”

“Yallaɓai, amsar da muka ba a Janairu rahoton baɗi za ta shiga. Na bana dole ya nuna an karɓa ɗaya, ba a amsa ba, tana jira ranar 31 ga Oktoba.”

Darakta ya dube shi har Lauya ya fara nadamar buɗe baki. Sai ya jawo fom ɗin ya sa hannu a ƙasa tun ba a cike ba, ya ce, “Rubuta yadda take.”

Lauya ya yi kwana biyu yana haɗa takardun. Ya rufe lambar asusun bankin ɗan kwangila da lambobin wayar ma'aikata, domin doka ta yarda a kare abin da ya shafi sirrin mutum, amma ta ce in an cire wannan a ba da sauran, kada a fake da layi ɗaya a hana fayil gaba ɗaya. Ya rubuta wasiƙar rakiya yana nuna abin da aka rufe da dalili. Da yarinyar ta zo, kuɗin fotokofi kaɗai ta biya, aka ba ta rasit.

Ranar Juma'a bayan la'asar, liman ya ce jama'a su ɗan dakata. Wani malamin makaranta ya miƙe ya karanta takardun yana fassarawa, shafi bayan shafi. Da ya zo wurin dutse da wata takwas, wani ya yi salati. Wasu dattawa suka tashi suka je suka durƙusa gaban Mai Unguwa suna neman gafara, ya ce ya yafe tun ba yau ba. Mai shayi bai zo ba, amma da daddare ya aiko da shayi da burodi gidan. Akwai kuma waɗanda suka fita suna cewa takarda ce, wa ya san nawa aka kashe aka buga ta. Dangin saurayin nan ba su dawo ba, kuma gidan bai aika a kira su ba.

Hedkwata ta kira Darakta a waya kan fom ɗin da ya fita daban da na sauran. Ya yi bayani, aka ce ya rubuto, ya rubuto, maganar ta tsaya nan. Lauya ya ce a wannan satin ne Darakta ya sa aka liƙa takarda a ƙofar shiga, ɗauke da muƙami da lambar ɗakin jami'in da ake kai wa buƙatar bayani, abin da sashe na 2 ya wajabta tun 2011. Baba Akawu ya aje aiki a ƙarshen rani, ya miƙa littafin da shafukansa cikakku.

Rijiyar dai har yanzu ba ta ba da ruwa ba. Amma mutanen unguwar sun daina tambayar juna, sun koma tambayar masu amsa. Sun kafa kwamiti, sun rubuta wa hedkwatar hukumar suna neman sanin matsayin sauran kuɗin, sun rubuta wa ɗan majalisar da ya kawo aikin, sun kuma aika kwafi ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu. Mai Unguwa ne ya fara sa hannu, sauran suka biyo.

Kai da za ka kai irin wannan takarda wani ofis, a Bauchi ko a wani gari, ka faɗi ainihin takardar da kake nema da shekarar aikin. Ka tafi da kwafi biyu, kada ka bar ɗakin rajista sai an buga wa naka hatimi da kwanan wata, sannan ka fara ƙirga kwana bakwai daga ranar.